"Fashewa": Kalmar da Ta Riga Masu Ita Faɗin Gaskiya

A shekarar 2024 Hausa ta yi baƙin kalmomi irin su "mainin" da "'yan baiwa", wato matasan da ke kwana suna dangwalar fuskar waya don tara sulallan kirifto. Wadda ta fi cancantar nazari ita ce "fashewa", sunan da suka laƙaba wa shigar sulalla kasuwa.

Da Notcoin ta fashe a watan Mayu, wasu sun sami rabo, sai jama'a suka yi ca a kan Hamster Kombat, wadda ta yi iƙirarin tara mutum miliyan 300 a Telegram. Ranar 26 ga Satumba ita ma ta fashe, da yawa suka tashi da abin da bai taka kara ya karya ba, bayan watanni suna ƙona data da lokacin karatu.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Hajar da aka raba wa miliyoyi kyauta, kowa na ɗokin sayarwa, masu saye kuwa ƙalilan, dole ta yi kwantai. Da ma a Hausar gado tulu ne ke fashewa, da ƙwai, da kumfa, kuma jaje ake yi wa mai su.