Ni Dai A Bar Ni Da Wasan 'Yan Makaranta

Wannan watan ku yi mani afuwa, zan ɗan ajiye zancen fim a gefe, duk da dai kun san hali, ba za a rasa shi a ciki ba.

Duk shekara idan Fabrairu ta kama, sanyi ya fara ja da baya a nan, can Amurka ma hunturu ya doshi ƙarshe, ni barci na kan lalace. Dalili kuwa shi ne wasannin su. Lokacin da su ke fara wasa da daddare, mu nan ƙarfe ɗaya ko biyu na dare ne. Haka zan zauna da shayi da bargo, da safe a gan ni ido jajir a ce ko ba ni da lafiya.

A farkon Fabrairu ake yin Super Bowl, wasan ƙarshe na ƙwallon nan tasu da su ke kira ta ƙafa alhali rungumar ta ake yi a ruga da gudu. Gaskiya ni ba ta dame ni ba. Abin da ke kai ni shi ne tirelolin sababbin finafinan Hollywood da ake sakawa a tsakani. A 2024 kuɗin talla ta daƙiƙa 30 ya kai wajen dala miliyan 7. Furodusoshin mu, kun ji fa!

Sai tsakiyar wata ƙwararrun ƙwallon kwando na NBA su tara taurarin su a wasan All-Star. To a nan rai na ke ɓaci. An tara ma ka manyan jarumai a fim guda, fosta ta yi kyau, ka biya kuɗin ka, ka zauna, ashe babu labari. Babu mai tare wani, babu mai gumi, kowa na tsoron ya ji ciwo. A 2024 aka tashi wasan 211 da 186. Maki 397 a wasa ɗaya! Wannan ai rihazal ne aka ɗauka aka sayar mana. Ban ce ba su iya ba, wallahi sun iya, babu kamar su a duniya. Amma kowace ƙungiya wasa 82 ta ke yi a kaka, idan an ci ta yau, jibi ma rana ce. Wa zai kashe kan sa a Fabrairu?

Shi ya sa na ke jiran Maris, lokacin gasar jami'o'i da su ke kira March Madness, wato haukar watan Maris, kuma sunan ya dace. A 2011 aka kai adadin ƙungiyoyin 68. Dokar guda ce: aka ci ka sau ɗaya, ka tattara kayan ka. Mafi yawan yaran nan ba za su taɓa shiga NBA ba, wannan daren shi ne fim ɗin su na farko kuma na ƙarshe. Za ka ga ƙato mai tsawon ƙofa ya rufe fuska da riga ya na kuka wiwi, ba kuma darakta ne ya ce ya yi ba.

Ku ji wannan labarin ku gaya mani ko akwai marubucin da zai kawo shi furodusa bai kore shi ba. A 2018 Jami'ar Virginia ce ta ɗaya a duk gasar. Aka haɗa ta da wata ƙaramar makaranta, UMBC, wadda ke can ƙasan jeri a matsayi na 16. Kafin ranar, a gasar maza, na 16 bai taɓa cin na ɗaya ba. Yaran UMBC su ka lallasa su 74 da 54. Duniya ta yi ta yi wa Virginia dariya shekara guda cur. Da aka dawo a 2019, Virginia ɗin ce ta ɗauki kofin. Kashi na ɗaya da na biyu kenan, babu rawa babu waƙa.

Mu ma mu na da namu a ciki. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, ya buga wa Jami'ar Houston. A wasan ƙarshe na 1983 kowa ya ba su kofi tun kafin a fara, sai North Carolina State ta zura ƙwallo a daƙiƙar ƙarshe, aka tashi 54 da 52. Duk da an ci su, shi aka ba kyautar gwarzon gasar. Daga baya ya ɗauki kofin NBA sau biyu, 1994 da 1995, kuma a Fabrairun 1995 ya zama gwarzon wata alhali ya na azumin Ramadan. Ita kuwa Houston, a 2025 ma ta sake kai wa wasan ƙarshe Florida ta ci ta 65 da 63. Daren nan ban ƙarasa shayi na ba.

To amma fa akwai inda gizo ke saƙa. Wa ke cin kuɗin wannan kukan da gumin? A 2010 hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, ta sayar wa CBS da Turner damar nuna gasar kan dala biliyan 10.8 na shekara 14. Kociyoyi na kwasar miliyoyi. Su kuma yaran, shekara da shekaru, abin da ake ba su shi ne karatu kyauta da ɗaki da abinci, wai su 'yan makaranta ne, karɓar kuɗi laifi ne. Wanda ya kalli 'Blue Chips' na 1994, wanda Nick Nolte da Shaquille O'Neal su ka fito, zai tuna cewa babban abin kunyar fim ɗin shi ne an saya wa uwar wani yaro gida, an ba uban wani tarakta. A fim ɗin, mai bada kuɗin shi ne bos.

Wanda ya fara tada ƙayar baya sosai shi ne Ed O'Bannon, da ya ci kofi da UCLA a 1995. Ya ga an saka siffar sa a wasan bidiyo ana sayarwa, ko sisi ba a ba shi ba, sai ya garzaya kotu a 2009. Duk ɗan wasan da ya taɓa ganin fuskar sa a fosta a kasuwa alhali aljihun sa wayam ya san irin wannan zafin. A 2021 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a kan NCAA a wata shari'ar, alƙalai tara baki ɗaya, kuma daga Yulin shekarar aka bar yara su yi talla da sunan su su karɓi kuɗi. A 2025 wata kotu ta amince makarantu su biya su kai tsaye, har kimanin dala miliyan 20.5 kowace makaranta a shekarar farko.

Ni ina goyon baya, ɗari bisa ɗari. Mai aiki a biya shi. Amma ba zan ɓoye maku ba, ya rage wa kallon armashi. Yanzu yaro zai haska a ƙaramar makaranta bana, baɗi sai ka gan shi a babba, domin an sassauta dokar sauya sheƙa kuma can kuɗin su ke. Ka saba da jarumi a kashi na ɗaya, kashi na biyu an canza shi. A 2025 duk ƙungiyoyi huɗun da ke matsayi na ɗaya su ne su ka kai zagayen kusa da ƙarshe, abin da sau ɗaya tak ya taɓa faruwa, a 2008. Wani aboki na ya ce shi kenan an kashe labarin talaka ya kada sarki. Na ce masa shekara ɗaya ba ta isa hujja ba, kuma ko da ta isa, ba zan ce a hana ɗan wani haƙƙin sa don ni in ji daɗin kallo ƙarfe biyun dare ba. Mu ka rabu a kan haka, kowa na ganin shi ke da gaskiya.

'Yan'uwa mata, kada ku ce na manta da ku. A Maris ɗin 2024 Caitlin Clark ta Jami'ar Iowa ta karya tarihin yawan maki na Pete Maravich, 3,667, wanda ya tsaya tun 1970. Wasan ƙarshe na mata a shekarar ya tara 'yan kallo sama da miliyan 18, ya zarce na maza. Kuma South Carolina ce ta ci, ba ita ba.

Wata mai zuwa za mu koma kan finafinan mu, in Allah ya yarda. Masu cewa NBA ta fi, ku aiko da wasiƙun ku, zan buga su ko da zagi na ku ka yi.