A Bar Kyasuwa Ta Sha Inuwa

Duk wanda ya shiga lambunan mangwaro da gwaiba na Bunkure da Kura zai ga gindin itatuwa tas kamar an share tsakar gida, ƙasa ta daskare, saiwoyi a waje. In ka tambayi mai lambu, sai ya ce tsafta ke nan, wai ciyawa ƙazanta ce, maganinta feshi. Ni kuwa na ce wannan ra'ayi ɓarna ce aka sa wa rigar tsafta.

Na san inda tsoron ciyawa ya samo tushe. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aikin da Gwamna Audu Bako ya assasa, ruwa ke bin kanal rani da damina, ciyawar kachala kuma ta samu wurin zama tana toshe magudanai. Manomin shinkafa da tumatir yana da hujjar yaƙarta. Amma laifin kachala bai kamata ya shafi kyasuwa da gamba da jema ba.

Dubi kyasuwa. Tana cikin ciyayin da ke jure inuwa, shi ya sa a daji ake samunta cunkus a gindin itace. Da kaka ta fitar da kai mai laushi, ja-ja kamar an shafa masa lalle, hasken yamma ya ratso ganyen mangwaro ya sauka a kanta. Wace fulawar kanti ce ta fi wannan kyau? Ba ta neman taki, ba ta neman ban-ruwa. Tana rufe ƙasa ta riƙe laima, in an yanke ta da lauje kuma tumaki su samu abinci. Duk da haka sai mai hali ya fesa mata guba, ya tafi Kano ya sayo baƙuwar ciyawar ado wadda kullum sai an shayar da ita.

Rashin sani ne ya sa kaza ta kwana a kan dami. Irin gamba da aka ɗauka daga Shika, kusa da Zariya, shi ƙasashen Kolombiya da Brazil suka fitar wa makiyayansu a 1980 a matsayin ingantacciyar ciyawar kiwo. Mu da kakanninmu suka yi zana da ita, yau ƙona ta muke yi. Jema ma haka: saiwarta na nutsewa can ƙasa ta ɗaure gaɓar ruwa, amma ana tuge ta, sannan a dawo ana kukan zaizaya ta cinye bakin kanal.

Za a ce ciyawa maɓoyar maciji ce. Gaskiya ne, in an bar ta ta zama kurmi. Abin da nake kira gare shi shuka ce mai tsari: kyasuwa a kewayen itace, a bar hanyar wucewa a share, a yanke ta kafin ta bushe don gudun gobara. Jema, da yake mai son rana ce, a jera ta a bakin ruwa.

Ina roƙon malaman gona da Hukumar Kogunan Haɗejiya da Jama'are su riƙa koya wa manoma bambance ciyawar da za a kashe da wadda za a raya. Kai kuma mai lambu, bana ka ware gindin mangwaro ɗaya, ka watsa irin kyasuwa da ruwan farko, ka hana shi feshi. Da kaka ka tona ƙasar wurin da hannunka, ka gwada ta da ta gindin da ka share.