KALMAR "NATIVE" DA KAYAN DA TA ƊAUKO

Akwai wata 'yar kalma ta Turanci wadda duk akawun da ya taɓa riƙe alƙalami a ofishin En'e ya rubuta ta ba iyaka, watau native. Mu ma mun daɗe muna furta ta ba mu lura ba, gama sunan nan En'e ba kome ba ne illa haruffan farko na Native Authority, harshen Bahaushe ya lanƙwasa su. To, yau muna so mu duba yadda jaridun Turawa suka yi aiki da ita tsakanin 1940 da 1960, domin akwai darasi a ciki.

Asalin kalmar ba shi da aibu. Daga harshen Latin ta fito, ma'anarta kuwa wanda aka haifa a wuri. Baturen da aka haifa a Landan, in an ce shi native ne na Landan, ba ya jin zafi. Amma da kalmar ta ƙetare teku ta shiga labarun ƙasashen da ke ƙarƙashin mulkin mallaka, sai ta sake riga, ta koma nufin duk wanda ba Bature ba. In an yi haɗari, sau da yawa sai ka ga an kawo sunan Baturen da ya ji rauni, da aikinsa, da garinsu, sa'an nan can ƙarshen labari a ce natives kaza sun mutu. Su ba suna, ba gari, sai lissafi kamar na awaki.

Inda abin ya fi muni shi ne Afirka ta Kudu, gama a can kalmar har cikin doka ta zauna. Cikin 1913 aka yi dokar ƙasa mai ɗauke da wannan suna, wadda ta bar wa baƙar fata wajen kashi 7 cikin 100 na ƙasar kakanninsu. Dokar 1936 ta ƙara shi zuwa wajen kashi 13. Ƙungiyar baƙar fata da aka kafa cikin 1912 tana da kalmar a cikin sunanta, amma cikin 1923 suka fid da ita, suka zama African National Congress. Ita ma Gwamnatin can cikin 1958 ta kankare kalmar daga sunan ma'aikatar da ke mulkin baƙar fata, ta sa Bantu a madadinta. Sai dai sake suna bai sake hali ba, gama ran 21 ga Maris, 1960, 'yan sanda suka harbe mutum 69 a Sharpeville.

A nan Arewa kuwa kalmar ba ta yi ɗaci haka ba, don Hausa ta ba kowane abu sunansa. Native Treasury shi ne Baitulmali, Native Court kotun alƙali, ba kuwa wanda ya ji kunyar a ce shi ma'aikacin En'e ne. Da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a Majalisar Jihar Arewa cikin 1950 yana neman a gyara En'e, a kan yadda a ke mulkin talakawa ya yi magana, gama can ne ciwon ya ke. Cikin 1976 aka kafa ƙananan hukumomi iri ɗaya a Nijeriya duka, kalmar kuwa ta riga ta fita daga ofisoshi.

Amma jama'a, kada mu yi saurin murna. Kalmar ta tafi, ta bar mana ƙanwarta, watau indigene, wadda mu ke fassarawa ɗan asali. Yau sai ka ga yaro an haife shi a gari, nan aka haifi ubansa, nan su ke biyan haraji, amma ran neman kuɗin karatu ko aikin Gwamnati a ce masa shi baƙo ne, ya tafi garin kakansa ya karɓo takarda. In kuwa rikici ya tashi, sai jarida ta raba gawawwaki biyu, ta ce 'yan asali kaza, baƙi kaza. Ashe abin da muka ƙi daga bakin Bature shi mu ke yi wa junanmu.

Saboda haka muna roƙon malaman makaranta, in za su koya wa yara siffa ta Turanci, kada su tsaya ga abin da ƙamus ya faɗi, su nuna musu wa a ke kira da ita, wa kuma a ke ƙyalewa. Akawuna da masu fassara su ma, in suna rubuta labarin mutum, su kawo sunansa da garinsu da sana'arsa, ko wane ne shi. Magana zarar bunu ce, balle wadda aka buga a takarda.

Allah ya sa mu gane, amin.