Kada Mu Yar da Tsofaffin Fayafayai

Jama'a, daga Lafani zuwa Illela har Birnin Ƙonni, akan tarar da fayafayan garmaho jibge a ƙarƙashin gado tun ranar da kaset ya ture su. Yara na gara su a tsakar gida, ba su san wataƙila muryar Mamman Shata ko Ɗan Maraya Jos ce a ciki ba.

Faifai iri uku ne. Mai juyi 78 a minti ɗaya shi ne tsoho, in ya faɗi sai ya fashe kamar kasko, kowane gefe kuwa waƙar wajen minti 3 yake ɗauka. Mai juyi 33 ya fito a Amurka a 1948, gefe guda yakan kai minti 20. Ƙaramin mai juyi 45 ya biyo baya a 1949.

Rana da ƙura su ne maƙiyansa. Zafin bazara yana lanƙwasa shi, ƙurar hunturu kuma tana cika layukan da allura ke bi. Saboda haka mu mayar da kowanne cikin kwalinsa, mu jera su a tsaye cikin inuwa, mu riƙa kama su ta baki.

Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya a 2015. Mu adana wa jikokinmu abin da suka bari.