Gidan Ɗanƙwairo da gardamar dattawan Arkilla

A wannan mako zan ajiye batun siyasa da tsadar rayuwa, in kai ku wata majalisa da ke gindin dogon yaro a unguwar Arkilla cikin birnin Sakkwato, inda nakan zauna bayan sallar La'asar duk ranar da na samu sarari. Majalisa ce ta dattawa, ni ne ƙaraminsu, saboda haka aikina zuba shayi da kasa kunne. Yawancinsu tsofaffin ma'aikata ne da suka ajiye aiki, kuma abin da ya haɗa su, ban da maƙwabtaka da sahun masallaci, shi ne son waƙar marigayi Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun.

Ranar Asabar da ta wuce, ɗaya daga cikinsu, wani tsohon hedimasta, ya zo da magana. Hakimin garinsu zai naɗa babban ɗansa sarauta, kuma gida ya rabu biyu a kan wanda zai yi wasa ranar naɗin. Yara sun ce a ɗauko mai na'urar kiɗa da manyan lasifikoki, in ya so ya saka wa tsofaffi faifan Ɗanƙwairo su ji daɗinsu. Shi kuwa ransa ya fi kwanta wa a gayyato makaɗan kotso daga magadan gidan. Yana cikin bayani sai jikansa ya miƙo waya, ya kunna mana wani bidiyo na magadan suna rera ɗaya daga cikin tsofaffin waƙoƙin gidan.

Ba a yi minti biyu ba wani dattijo, tsohon direban babbar mota, ya ɗaga hannu. Ya ce, "Kashe abin ga, yaro. Wanga ba Ɗanƙwairo na ba. Mu da munka gan shi ido da ido, ba a ruɗinmu da kwaikwayo." Hedimasta ya dube shi ya ce, "Haba Alhaji, ai ɗiyan gidan na. Kotson shi na, amshin shi na. Mi kaka so su yi, su tashe shi daga kabari?" Nan fa majalisa ta kaure, har aka kira Magariba ba a tsayar da magana ba.

Na koma gida ina juya zancen. Mutanen nan sun haura shekara hamsin suna bin waƙar gida ɗaya. Sun ji ta a Rediyon Kaduna, sun ji ta a Rima Rediyo, sun saye ta a kaset, yau ga ta a katin waya. To, in jagora ya kwanta dama, aka sake 'yan amshi, aka sake masu kiɗa, wa masoyi ke bi? Mutumin, ko gidan?

Amsar tana cikin tarihin Ɗanƙwairo kansa. An haife shi a Bakura a farkon ƙarni na 20, a gidan kiɗa. Mahaifinsa Usman Ɗankwanda makaɗi ne, kuma gidansu na da alaƙa da fadar Sarkin Ƙayan Maradun. Musa bai fara da jagoranci ba. Ya fara da amshi a bayan mahaifinsa, daga baya ya yi wa wansa Kurna amshi, kafin ya tsaya da ƙafarsa. Masu tarihinsa ma sun ruwaito cewa laƙabin Ɗanƙwairo ba da shi aka fara ba. Wani mai zaƙin murya ne a ƙungiyar mahaifinsa ake kira haka, da aka ji muryar yaron ta ɗauko irin tasa sai aka laƙaba masa sunan. A farkon shekarun 1960 sunansa ya game Arewa, sa'ad da ya yi wa Firimiya Sa Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato waƙa, sannan ya bi fadoji irin su Daura da Kano da Tsafe yana wasa sarakuna, har Allah Ya karɓi ransa a 1991.

Ashe ke nan wanda dattijo direba yake kira na asali, shi ma magaji ne. Ina da yaƙinin cewa ranar da Musa ya fara jan waƙa, akwai wani tsoho a Maradun da ya taɓe baki ya ce wannan bai kai Ɗankwanda ba, bai kama ƙafar Kurna ba. Da mutanen wancan zamani sun bi ta tsohon nan sun juya wa yaron baya, da yau babu faifan da ake gardama a kansa a Arkilla. Haka abin yake a sauran gidajen kiɗan fada na ƙasar nan. Sani Ɗandawo ya gaji mahaifinsa Aliyu Ɗandawo a Yawuri, ya kuma yi suna nasa na kansa. Kiɗan fada sana'ar gado ce, kamar ƙira da jima da wanzanci, kuma kowace sana'ar gado da sauyin hannu take rayuwa.

Akwai kuma wani abu a ginin waƙar kanta da masoya kan manta. A waƙar fada irin ta Ɗanƙwairo da Narambaɗa da Jankiɗi, 'yan amshi ba maimaita gindin waƙa kaɗai suke yi ba. Jagora kan fara ɗan waƙa ya sake shi a tsakiya, su tarbe shi su ƙarasa, wani lokaci su yi ƙari, wani lokaci su riƙa miƙa wa juna baki-baki har a dire a gindi. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya yi dogon bayani a kan irin wannan tsari a rubuce-rubucensa game da makaɗa da mawaƙan Hausa. Abin da wannan ke nufi shi ne waƙar a cikin ƙirjin mutum shida ko takwas take zaune, sun haddace ta tare, sun san inda ake shan numfashi da inda kotso ke sauya taki. Duk wanda ya saurari faifan Ɗanƙwairo da kunnen basira zai tarar rabin abin da ke sa tsikar jikinsa tashi daga bakin 'yan amshi yake fitowa. Waɗannan mutane ba mu san sunayen yawancinsu ba, kuma a tsawon shekarun da ya yi yana waƙa ba mutum ɗaya ne ya dawwama a kowane gurbi ba. Tsufa da rashin lafiya da mutuwa ba su bar kowace ƙungiya yadda take ba. Mun sha jin sauyin a faifai ba mu lura ba, saboda muryar jagora ta rufe mana kunne.

Gwada wannan da marigayi Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999. Shata nan take yake ƙaga waƙarsa, 'yan amshinsa kuma gindi suke riƙe masa, shi kaɗai ke zuba ɗiya yadda ya ga dama. Shi ya sa gadon Shata ya fi wuyar ɗauka, domin taskar tana cikin kan mutum ɗaya. Gidan kotso kuwa an gina shi ne yadda in ginshiƙi ɗaya ya faɗi, sauran za su riƙe rufin kafin a kafa wani.

Wannan gardama ba a Arkilla kaɗai ake yin ta ba. A Ingila akwai wata ƙungiyar masu kiɗan jita da ganguna mai suna Rolling Stones, wadda aka kafa a Landan a 1962. Brian Jones, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, ya mutu a 1969. Bill Wyman ya bar ta a farkon shekarun 1990. Mai buga musu ganga, Charlie Watts, wanda ya shiga tun 1963, ya mutu a 2021. A kowane karo an samu masoyan da suka ce ƙungiya ta ƙare, amma sauran suka ci gaba da sayen tikiti, har ƙungiyar ta fitar da sabon faifai a 2023, Mick Jagger yana da shekara 80. A nan gida Najeriya ma, da Fela Kuti ya mutu a 1997, ɗansa Seun yana ɗan shekara 14 ya tsaya gaban ƙungiyar Egypt 80, tsofaffin makaɗan uban suka tsaya a bayansa, kuma ga shi har yau yana zagaya duniya da sunan ƙungiyar. Abin lura a nan shi ne masoyan can ba da baki kaɗai suke so ba. Suna zuwa wurin wasa, suna biya, suna kushe abin da bai yi musu ba, su kuma dawo gobe.

Kada a ce na yi wa dattijo direba rashin adalci. Yana da gaskiyarsa. Ana gadon kotso, ana gadon waƙa, amma ba a gadon maƙogwaro. Muryar Ɗanƙwairo baiwa ce da Allah Ya ba shi shi kaɗai, ta kuma tafi tare da shi. Na kuma fahimci cewa abin da dattijon yake nema a cikin faifan ya wuce murya. Ya taɓa ba mu labarin yadda yakan taso daga Sakkwato da asuba, ya bi ta Talatar Mafara da Gusau ya nufi Funtuwa, kaset na juyawa, ƙarfinsa na nan, iyayensa na raye, hanya kuma lafiya lau ko da tsakar dare. Wannan zamani yake kewa, kuma babu magajin da zai iya dawo masa da shi. Sai dai bai kamata a ɗora wa yaran gida laifin tsufanmu ba.

Su ma magadan akwai magana a kansu. In suka tsaya ga maimaita abin da tsoho ya bari kawai, suna kwaikwayon har yadda yake gyaran murya, to faifai ya fi su iyawa, kuma direba ya ci gardama. Ɗanƙwairo bai zama Ɗanƙwairo da rera waƙoƙin Kurna ba. Ya riƙe tsarin gida, ya yi wa mutanen zamaninsa waƙar zamaninsu. Hakkin da ke kan magaji shi ne ya san tarihin wanda zai wasa, ya san kakanninsa da garuruwan da ke ƙarƙashinsa, ya zauna da 'yan amshinsa su sassaƙa sabon gindi, su yi ta bita har ya zauna. Wannan aiki ne mai cin lokaci, kuma ba mai yin sa da yunwa.

A nan ne maganar ta dawo kanmu. Da can sarki ke riƙe da makaɗinsa: gona da doki da riga da hatsin shekara. Yau fadoji da yawa ba su da wannan ƙarfi. Ƙasar da ta haifi wannan kiɗa, wato Maradun da Bakura da Isa da kewayensu, ta shafe shekaru tana fama da 'yan bindiga, taruka sun ragu, tafiyar dare ta zama kasada. Ga kuma mai na'ura da ke karɓar kuɗi kaɗan ya cika unguwa da ƙara. In masoya na gaskiya, waɗanda suka san bambancin kotso da taushi, su ne kuma ke cewa a kashe abin nan, to wa zai gayyaci makaɗan? In ba a gayyace su ba, yaron gidan zai kama acaba ko ya tafi ci-rani, kuma ba mai ganin laifinsa. Daga nan sai a rasa mai ɗaure kotso, a rasa mai amshi, a wayi gari abin da ya rage sai faifai da takardun digiri a jami'a. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Sannan akwai abin da faifai ba zai taɓa yi ba. Faifan Ɗanƙwairo zai wasa Sardauna, zai wasa Sarkin Daura Muhammadu Bashar, zai wasa Sarkin Kano Ado Bayero, amma ba zai kira sunan ɗan hedimasta ba ranar da aka ɗaura masa rawani. Ba zai ambaci kakansa ba, ba zai ja masa kunne a kan riƙon talakawa ba, ba zai sa tsohuwarsa ta share hawaye da gefen mayafi ba. Waƙar fada don mai rai ake yin ta, a gaban jama'arsa, kuma sai mai rai ke iya yin ta.

Saboda haka ina kira ga gidajen rediyonmu na Sakkwato da Gusau da Birnin Kabi, in sun saka tsohon faifai su riƙa bin sa da na magada, su kuma gayyato tsofaffin 'yan amshin da suka rage su faɗi sunayensu da tarihinsu tun suna da sauran numfashi. Sashen harsunan Najeriya na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo na nan kusa da mu, ɗalibai na neman abin bincike, ga shi a ƙofar gida. Masu hannu da shuni da ke cika motocinsu da waƙoƙin tsoho kuwa, su tuna yana da zuriya da ke riƙe da sana'arsa.

Ranar Talata na koma majalisa. Hedimasta ya ce ya yanke shawara: zai aika a gayyato makaɗan, yara kuma su yi nasu da dare bayan manya sun watse. Ya ce sharaɗinsa ɗaya, bayan tsofaffin waƙoƙi su zo da sabuwa ta ɗansa. Dattijo direba ya yi shiru yana kurɓar shayi, can ya ce shi dai bai sake ra'ayi ba, amma a ajiye masa kujera a gaba, kusa da masu kotso, don in sun yi kuskure ya ji da kunnensa. Hedimasta ya ce, "Alhaji, ka dai taho da kuɗin liƙi." Aka yi dariya, na zuba zagaye na biyu.

Ni ma in Allah Ya yarda zan je, kuma zan ba ku labarin abin da kunnena ya jiye mini. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Sai mako mai zuwa.