Manhaja ma sai an ɗanɗana kafin a cika faranti

Mai suyar ƙosai a bakin Babbar Kasuwar Yamai ba ta juye ƙullunta gaba ɗaya cikin mai. Takan jefa ɗaya, ta ɗanɗana gishiri, sannan ta ci gaba. Matasan da ke rubuta manhajojin waya a birnin na da darasin ɗauka a nan.

A kan wannan dabara kamfanin Toyota na Japan ya ginu bayan yaƙin duniya na biyu. Injiniyansa Taiichi Ohno ya lura cewa idan aka ƙera kaya da yawa a tashi guda, kuskure ɗaya kan ɓuya cikin dubban kayayyaki kafin a gano shi. Idan kuwa kaɗan aka ƙera, aibin kan bayyana nan take, gyaransa kuma da araha. A 2003 Mary da Tom Poppendieck suka fitar da littafin da ya kawo wannan tunani cikin aikin manhaja.

Kenya ta ga amfaninsa. An fara gwada M-Pesa a 2005 a matsayin hanyar biyan ƙananan rance, sai aka ga masu gwajin na tura wa junansu kuɗi da ita. Da aka ƙaddamar da ita a 2007, aika kuɗi gida aka sa gaba.

A Nijar, inda jari ya yi ƙaranci, data ke da tsada, wutar lantarki kuma ke yawan ɗaukewa, matashin da ya kulle kansa shekara guda yana gina manhaja cikakkiya caca yake yi da kuɗin iyayensa ko na yayansa da ke ci-rani. Gara ya fitar da aiki ɗaya tak cikin mako biyu, ya miƙa wa 'yan kasuwa goma, ya ga ko sun fi son saƙon murya da Hausa ko Zabarmanci a kan rubutun Faransanci.

Masu ba da kuɗi ma da nasu nauyin. Ya kamata hukumar ANSI, cibiyar CIPMEN da 'yan ƙasa mazauna waje su riƙa biya mataki-mataki, kowane kaso bayan an ga abin da ke aiki a hannun jama'a. Kwangilar da ke jiran ranar bikin ƙaddamarwa ɓoye kuskure take yi har ranar da babu sauran kuɗin gyara.