Daga Lokeshin: Kilishin Kifi Ya Fi Biskit da Lemo

A wannan watan ba zancen waye ya auri wa za mu yi ba, zancen cikin 'yan fim za mu yi. Duk wanda ya taɓa zuwa lokeshin ya san yadda abin yake: a fito tun da hantsi, darakta na ta "a sake, a sake", abinci ba zai iso ba sai la'asar. Kafin nan sai biskit da lemon kwalba. Shi ya sa kukan olsa ba ya ƙarewa a masana'antar nan.

To ga mafita mai sauƙi, musamman ga masu zuwa ɗaukar fim shiyyar Daura. A yankin Dutsi akwai dam ɗin Daberam, inda masunta ke kama tarwaɗa da karfasa. Mutanen Alaska a Amurka suna busar da kifinsu salmon su riƙa ci kamar kilishi. Mu ma tarwaɗarmu za ta yi.

Ga yadda ake yi. A wanke tarwaɗa da ruwan zafi da lemon tsami don santsin ya fita. A cire ƙaya, a yanka tsokar siriri-siriri, a barbaɗa gishiri, a shanya a rana a rufe da raga saboda ƙuda. In ta bushe, sai a tsoma ta a labu, wato kwaɓin ƙuli-ƙuli da barkono, citta, kanumfari, masoro da albasa. A sake shanyawa, sannan a gasa a kan garwashi har ta gasu sosai. Kada a ƙulle a leda da ɗuminta, za ta yi fumfuna.

Me ya sa na ce a yi a gida? Domin wasu marasa tsoron Allah na fesa wa busasshen kifi maganin ƙwari don kada ya yi tsutsa. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi kan haka, har ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni a 2019.

Furodusoshi, ku da kuke kashe kuɗi a kan kaya da rawa, ku ware wani abu ku ba masu kula da abinci su tanadi wannan. Jarumin da yunwa ke ci ba ya iya kukan soyayya, sai na gaske.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.